Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Makiyaya na Baban Rafi



Kullum in ana maganar lalacewar dajin Baban Rafi, sai a nuna mu da yatsa, a ce bisashe ne suka cinye shi. Ni cikin wannan daji aka haife ni, kuma ina son in faɗi abin da na gani da idona.

Saniya ba ta riƙe gatari. Abin da take ci ciyawa ce, kuma ciyawar da ba a ci ba ita ce abincin gobara da rani. Ku dubi gawo. Bisa ta ci 'ya'yansa, ƙwayar ta bi ta cikinta ta yi taushi, ta faɗi tare da taki, damana ta sauka ta tsiro. Haka bagaruwa take yaɗuwa. Abin da ya rage daji shi ne sabbin gonaki da motocin itace masu tafiya Maraɗi. Tun 1992 doka ta ba ƙauyuka damar buɗe kasuwannin itace, amma sau nawa aka kira makiyayi lokacin da ake yanka wuraren sara?

To, mu ma muna da namu laifi. In rani ya yi tsanani, yaranmu suna hawan itace su sare kansa gaba ɗaya don awaki. Mun ga irin haka a fari na 1984. Itacen da aka yi wa aski irin wannan mutuwa yake yi. A ɗebi reshe kaɗan, a bar sauran, baɗi ma za a samu. Inda aka sare sabara da geza suna toho, a kau da garke har tohon ya fi ƙarfin bakin akuya.

Doka tana tare da mu, in mun san ta. Dokar karkara ta 1993 ta san da wurin zaman makiyayi na asali. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawo da bisashe haƙƙin makiyayi ne. Amma haƙƙin da ba a je an kare shi ba, wani ne ke noma shi.

Saboda haka roƙona uku ne. Na ɗaya, kowane ardo ya tura wakili cikin kwamitin filaye na garinsu, kuma ya riƙa zuwa. Na biyu, a sa wa burtali da mashaya alama kafin shuka. Na uku, in an ci mutum tara, ya nemi takarda ya kawo wa ƙungiya.

Manomi in gona ta gaji yana iya sake wata. Mu in daji ya ƙare, ina za mu kai garke?

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.