Injiniya da Amanar Gobe: Ina Muka Dosa Bayan Digiri?



Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba mu wannan dama, mu 'yan ajin ƙarshe na sashen injiniya, domin mu yi magana a kan abin da ke hana da yawanmu barci, wato inda za mu dosa bayan mun karɓi digiri. A 'yan shekarun nan kalma guda ta cika bakin masu ba da aiki da masu ba da tallafin karatu, ita ce ci gaba mai ɗorewa. Da yawa daga cikinmu suna sha'awar wannan fage, amma sun rasa ta ƙofar da ake shigarsa. Wannan ƙofa muke so mu lalubo tare a yau.

Kalmar ta bazu ne tun 1987, lokacin da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya bayyana ta da cewa mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. Ra'ayinmu shi ne, ga wanda ya karanta injiniya, wannan magana tana nufin ya riƙe sana'arsa da kyau, sa'an nan ya ƙara tambaya biyu a kan kowane aiki da aka ba shi: wane ne zai ɗauki nauyin wannan aiki alhali ba a shawarce shi ba, kuma yaya aikin zai kasance bayan shekara ashirin? Tarihin madatsun ruwa na ƙasarmu ya isa ya nuna mana abin da ke faruwa in an manta da su.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma babu mai musun alherinta. Shinkafa da alkama da tumatir da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da Garun Malam, da ruwanta ake noma su. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa. To, amma kogi bai tsaya a Kano ba. Yana wucewa ya zama kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa ya nufi tafkin Chadi. Kafin a tare shi, yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani, kuma a kan wannan cika da janyewa manomi da masunci da makiyayi suka gina rayuwarsu. Da aka tare shi, malalar damina ta ragu, sai ruwa ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ya ci gonaki a wani wuri ya ƙafe a wani, ta kuma zama mafakar tsuntsu jan-baki mai cinye hatsi. Masana tattalin arziki da suka auna al'amarin a shekarun 1990 sun nuna cewa amfanin da fadama ke fitarwa daga ruwa ya fi wanda gonakin noman rani na sama ke fitarwa daga ruwa daidai wannan. Lissafin bangon Tiga daidai yake. Mutumin Nguru ne bai shiga lissafin ba.

Misali na biyu yana gabas. A shekarun 1970 aka fara babban shirin noman rani na kudancin tafkin Chadi a yankin Marte, da nufin shayar da fiye da kadada 60,000. Aka haƙa magudanai, aka kafa manyan famfuna. An ɗora tsarin a kan tafkin da aka sani a shekarun damina mai albarka, wanda a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984, tafkin ya ja da baya ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa. Ba da daɗewa ba ma, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa a Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Wannan ya tuna mana cewa aikin madatsa ba ya ƙarewa ranar bikin buɗe ta. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

Ba mun kawo waɗannan misalai don mu zagi magabatanmu a sana'a ba, domin sun yi aiki da ilmin da ke hannunsu. Mun kawo su ne don a ga cewa kowace matsala a cikinsu gurbin aiki ce da ke jiran injiniya. Bari mu ambaci fage huɗu.

Na farko shi ne ruwa. Hukumomin raya kogunan ƙasa, waɗanda aka kafa a 1976, da ma'aikatun ruwa na jihohi, suna bukatar wanda ya iya auna gudun kogi, ya duba lafiyar bangon madatsa, ya tsara lokacin sakin ruwa yadda na sama da na ƙasa za su amfana. Haka kuma rijiyoyin burtsatse da suka mutu a ƙauyukanmu, sau da yawa saboda ɗan ƙarfen da babu mai sauya shi, suna jiran mai gyara da mai tsara yadda za a riƙa kula da su.

Na biyu shi ne wutar lantarki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, mai injin niƙa da mai famfon ban-ruwa da mai shagon walda sun fara lissafin hasken rana da gaske. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. A 2019 an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Amma kafa faranti shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi, zafin bazara yana gajarta ran batir, kuma batirin da ya mutu akwai dalma a cikinsa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, fiye da 400, ba zai ɗauki zubar da tsohon batir da wasa ba.

Na uku shi ne auna illar aiki ga muhalli. Bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli, kuma a 1992 ta yi dokar da ta wajabta binciken illa kafin a fara kowane babban aiki. Wannan bincike injiniyoyi da masana kimiyya ke yin sa, kuma darajarsa tana ga gaskiyar mai sa hannu.

Na huɗu shi ne masana'antu. Ruwan da masana'antun jima da rini ke fitarwa a Sharaɗa da Challawa da Bompai yana ɗauke da sinadarai, kuma da irin wannan ruwa ake shayar da wasu lambuna da muke cin ganyensu. Tace shi aikin mai injiniyan sinadarai ne.

To, yaya za mu shirya? Shawararmu ta farko ita ce mu ƙware a abin da muka karanta. Takardar shaidar kwas ɗin mako biyu da aka yi ta intanet tana da amfaninta, amma ba za ta koya wa mutum girman wayar da za ta ɗauki wuta ba tare da ta ƙone ba. Mu nemi aiki ƙarƙashin gogaggen injiniya, mu tara shekarun da ake bukata, mu yi rajista da majalisar kula da aikin injiniya, wato COREN, domin sa hannunmu ya zama mai nauyi.

Ta biyu, mu mai da kundin digiri da watannin koyon aiki da shekarar bautar ƙasa su zama jari. Wanda ya shafe shekara yana auna wutar da farantan wani asibitin karkara ke bayarwa kowane wata, ya rubuta abin da ya gani, ya fi ƙarfin hujja a gaban mai ɗaukar aiki a kan wanda ya haddace manyan kalmomi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta uku, mu koyi lissafin kuɗi. Aikin da ba a san wanda zai biya kuɗin gyaransa ba, matacce ne tun ranar da aka haife shi.

Ta huɗu, mu koyi saurare. Tun daga shekarun 1980, manoman yankunan Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa ya tashi a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da babbar kwangila ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa muna da abin da ƙwararren da aka ɗauko daga Turai ba shi da shi: muna jin harshen mutanen da za a yi wa aikin.

'Yan'uwa, kada mu yaudari kanmu. Albashin farko a wannan fage yawanci bai kai na kamfanin mai ko na banki ba, ga iyaye da suka sayar da amfanin gona suka biya mana kuɗin makaranta suna zuba ido. Ba mu ga laifin wanda ya bi waccan hanya ba, domin can ma akwai iskar gas da ake ƙonawa a banza da malalar mai da ke jiran mai gaskiya. Jarrabawar da ta fi wuya ita ce ranar da za a ajiye mana rahoto a ce mu sa hannu cewa aiki ba shi da illa, alhali mun auna mun ga akasin haka. A ranar nan za a san ko amana muka ɗauka ko takarda.

Daga ƙarshe muna roƙon hukumar jami'a ta sa ziyarar fadamun Haɗeja da Nguru a cikin manhajar ɗaliban injiniya, yadda wanda ya ga Tiga zai ga ƙarshen ruwanta, domin zuwa da kai ya fi aike. Muna kuma kira ga gwamnatocin jihohinmu su ware kuɗin kula da aiki tun ranar da suke ware kuɗin gina shi. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Waɗanda suka ɗauki alkawarin ba su ne za su cika shi ba. A wannan shekara, in Allah ya ba mu rai, mu ne dattawan sana'a, kuma mu jikokinmu za su tambaya.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama lafiya.