Kan Sarki: Mai Aikowa Ya Riga Ya Biya

Karatunmu na yau yana cikin wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Afisawa, sura 2, aya 1 zuwa 10. Ku buɗe ku karanta tare da iyalinku. Amma kafin mu kai can, bari mu yi magana a kan wata 'yar takarda wadda faɗinta bai wuce babban yatsa ba, wato kan sarki.

A gidajenmu da dama akwai tsohuwar adaka ko gwangwani cike da wasiƙu. Wannan daga ɗa da ya tafi karatu Zariya, wancan daga ƙane da ke aikin soja, ga kuma katin Kirsimati daga Ingila ko Kamaru. A dā 'yan makaranta sukan yanke kusurwar ambulan, su jiƙa a ruwa har kan sarki ya rabu da takarda, su shanya, su manna a littafi, su yi musaya da abokai. Ta haka yaron da bai taɓa wuce Kano ba ya san cewa Helvetia ita ce Suwizalan, Nippon kuma Japan.

Wanda ya jera na ƙasarmu bi da bi, tarihi yake karantawa. A 1900 aka fitar da na Nijeriya ta Arewa, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Bayanta aka sa kan Sarki Edward na 7, sa'an nan George na 5. Kun ga inda sunan kan sarki ya samo asali. A 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, sunan ya koma Nijeriya kaɗai. Na 1953 sun nuna gyaɗa, da mahayan dawakin Borno, da gadar Jebba. A 1973 fam da sule suka ɓace daga kansu, naira da kwabo suka shigo.

To, ina darasin? Kafin 1840, a Ingila, yawanci wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta. Ana lissafi bisa nisan tafiya da yawan takardu, kuɗin kuwa da tsada. Ma'aikacin gidan waya zai tsaya a ƙofa da wasiƙa a hannu, talaka yana ganin rubutun ɗansa a bayan takarda, amma in ba shi da kuɗi sai a koma da ita. Labarin ya zo har ƙofar gida, bai shiga ba. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya kawo shawara a 1837, cewa mai aikawa ya riƙa biya tun farko. A watan Mayu na 1840 aka fara aiki da kan sarki na farko a duniya, baƙi, na kwabo ɗaya. Daga nan, in wasiƙa ta iso da kan sarki, abin da ya rage wa mai gida shi ne ya miƙa hannu ya karɓa.

'Yan'uwa, abin da Bulus yake faɗa wa Afisawa ke nan. Yana tuna musu cewa zunubi ya riga ya kashe su, ba su da abin biya, kuma ceton da suka samu kyauta ce daga Allah, domin kada kowa ya yi fahariya da aikinsa. Da a ce mu ne za mu biya kuɗin bishara a ƙofa, da an koma da ita. Amma Allah da ya aiko shi ne ya biya, ya kuwa biya da jinin Ɗansa a kan gicciye. Duk da haka akwai waɗanda har yau suke tsaye suna laluben aljihu. Wani yana cewa sai ya bar shan giya tukuna zai zo wurin Yesu. Wata tana cewa sai ta gyara zamanta. Wani ya daina zuwa sujada domin ba shi da abin baiko. Muna roƙonku, ku karɓi saƙon tukuna. Gyaran hali zai biyo baya, gama aya ta 10 ta nuna cewa ayyukan kirki suna zuwa ne bayan ceto.

Wannan biya kuma ba shi da iyakar ƙasa. A ranar 9 ga Oktoba 1874 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan, wadda ta kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Saboda ita, kan sarkin da aka saya a Wudil ya isa ya kai wasiƙa Landan ko Alƙahira, ba a sāke neman kwabo daga mai karɓa. Haka jinin Almasihu ya isa ga Bahaushe da Bayarabe da Bature, ga mai sayar da shanu a kasuwar Juma'a da ɗalibin jami'a.

Sai katin wasiƙa, wanda aka fara a ƙasar Ostiriya a 1869. Shi ba shi da ambulan, duk hannun da ya bi ta kansa yana iya karanta shi. A 2 Korintiyawa sura 3, Bulus ya kwatanta masu bi da wasiƙar da kowa ke karantawa. Maƙwabtanmu da yawa ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma suna ganin mudun da muke awo da shi, da yadda muke biyan bashi, da maganarmu ga matanmu.

Kada mu manta, ikkilisiya ta fari ma ta tara wasiƙu. Cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, 21 wasiƙu ne. Bulus ya umarci Kolosiyawa su yi musayar wasiƙa da mutanen Lawudikiya. Da sun karanta sun yar, da me za mu karanta yau?

Tun da wayar hannu ta zo a 2001, rubuta wasiƙa ya ja baya ƙwarai, gara da ɓera kuma suna cin abin da ke adaka. Saboda haka a wannan mako ku fito da tsofaffin wasiƙun nan. Ku zauna da yara, ku nuna musu kan sarki, ku faɗa musu wanda ya rubuto da halin da ake ciki a lokacin. Sa'an nan ku ɗauki biro ku rubuta wa mutum ɗaya da kuka daɗe da yin shiru da shi, ko da ɗan'uwan da kuka yi faɗa ne. Kada ku jira shi ya fara. Mai aikawa ne ke biya.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode domin ka aiko mana da Ɗanka, ka kuma ɗauki dukan nauyin biya. Ka taimaki wanda yake jin muryarmu yanzu yana jin tsoron karɓa. Ka sa rayuwarmu ta zama abin da maƙwabtanmu za su karanta su girmama sunanka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.