Yaya Za Mu Gane Ana Samun Sauƙi a Ruƙiyya? Jawabin Malamarmu a Ranar Bikin Ƙungiya

 

Uwar ƙungiya, shugaba, ma'aji, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana. Na ga masu rabon abinci sun fara leƙowa, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Da shugaba ta ce in yi magana a kan ruƙiyya, na ji wata tana cewa, me ya haɗa ƙungiyar adashi da rance da wannan zance? To, ku tambayi ma'aji. Ta san rancen da aka karɓa da sunan ƙarin jari, ya ƙare a kuɗin karatu da man shafawa da hayaƙi. Ni kaina na san wata baiwar Allah da ta sayar da keken ɗinkinta. Wata bakwai tana kai 'yarta wajen mai ruƙiyya, kullum ana ce mata saura kaɗan. Ban ga laifinta ba, don uwa in ɗanta ba lafiya, ko zanen da ke jikinta aka nema sai ta kwance ta bayar. Abin da ta rasa shi ne ma'auni. Ba ta san yadda za ta gane gaba ake yi ko baya ba.

Ruƙiyya dai tana da asali a addini. A cikin Bukhari, Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowane dare yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafukan hannunsa, ya shafe jikinsa, sau uku. Akwai kuma labarin Abu Sa'idil Khudri, inda aka karanta wa wani shugaban ƙabila Fatiha bayan harbin kunama, ya miƙe yana tafiya, sannan aka ba sahabban tumakin da aka yi alkawari. Ku lura da wannan: sauƙin kowa ya gan shi da ido.

Mu kuwa yau me muke ɗauka alama? Ihu, faɗuwa, birgima, amai, canza murya. In yarinya ba ta yi haka ba sai mu ce malamin ba shi da zafi. Iyayena, waɗannan abubuwa tsoro ma yana kawo su, wahala tana kawo su, wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ma suna kawo su. A ce an yi wata shida ana ihu duk zama, a gida kuwa jiya i yau, ina sauƙin yake?

A gida ake auna sauƙi, tsakanin zama da zama. Ki duba barci: da tana firgita sau uku a dare, yanzu fa? Ki duba salla: tana tashi da kanta ko har yanzu sai an yi dambe? Ki duba kwanon abincinta. Ki duba ko ta fara fitowa tsakar gida, ana hira tana sa baki, yaro ya yi mata ɓarna ba ta kai masa duka ba. Ki duba tazarar tashin ciwon: da kullum ne, ya koma sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya a wata. In mai sana'a ce, ranar da ta ce a miƙo mata kaskon suya ko allura da zare, ki yi hamdala.

Babbar alama a wajena ita ce ta fara karanta wa kanta. Azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara kafin barci, ba sai an tsaya a kanta ba. Mai ruƙiyya na kirki yana koya wa mara lafiya yadda za ta daina buƙatarsa. Wanda kullum yake ƙara ɗaure ki da kansa, wai in ba shi ba ba kowa, ki yi hattara.

Mu 'yan ƙungiya mun iya riƙe littafi. Ba wadda take zubin adashi ta dogara da ƙwaƙwalwa kawai. To ki sayi ƙaramin littafi, kowane dare ki rubuta layi biyu: ta yi barci, ta ci abinci, ciwon ya tashi ko bai tashi ba. Ki gwada Juma'a da Juma'a, kada ki gwada yau da jiya, don rana ɗaya mara daɗi ba komawa baya ba ce. In makonni sun shuɗe littafin bai nuna canji ba, a zauna a sake shawara, kada a ƙara cin bashi.

Akwai abubuwan da in kin gani, ki ɗauki 'yarki ku fito ba sallama. Duka da ɗauri da shaƙe wuya. Hayaƙin da ke hana numfashi. Keɓewa da mace ba muharrami. Tambayar sunan uwa, neman yanka, ko surkullen da ba a gane ma'anarsa. Sai kuma nuna yatsa: kishiyarki ce, uwar mijinki ce. Gida nawa wannan magana ta rusa? Gaibu Allah kaɗai ya bar wa kansa sani.

Kada kuma wani ya ce ki ajiye maganin asibiti. Annabi ya yi umarni da neman magani, shi kansa ya yi ƙaho. Farfaɗiya tana da maganin da ke rage tashinta sosai in ana sha kullum, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Mai ciki da ta fara jijjiga, ko yaro mai zazzaɓi da suma, asibiti za a nufa nan take, ana tafe ana tofi. Mai jego da ta daina barci, tana maganganu, tana ƙin jaririnta, wannan ciwo ne da likitoci suka sani. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma bai hana karatu ba.

Ku tuna matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u a matsayin 'yar Aljanna. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi. Wani sauƙin a zuciya yake fara sauka. Wadda ta daina zargin mutane, ta daina kwana da tsoro, ta samu rabo babba ko da ciwon bai gama tafiya ba.

Roƙona ga shugabanni: duk wadda ta zo neman rance saboda rashin lafiya, kada a miƙa kuɗi kawai. A haɗa ta da mutum biyu daga cikinmu su riƙa leƙa ta, su duba littafin tare, su raka ta asibiti in ta kama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a jarinmu, ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba.