Ɗalibi da Tsohon Zanensa: Yadda Ake Gane Ci Gaba a Ajin Zane



An nemi in yi magana a kan darasin zane a makarantunmu. Na zaɓi in tsaya a kan ɓangare ɗaya, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato yadda ɗalibi da kansa zai gane cewa ya ci gaba. Malami yana da tasa hanyar, ya ba da maki ya shigar a katin sakamako. Uba ya duba ya ga 60 ko 70, ya ce madalla. To amma ku tare yaron da ya yi shekara uku a ƙaramar sakandare ana koya masa darasin al'adu da fasaha, ku tambaye shi me hannunsa ya iya yau wanda bai iya ba ranar da ya shigo. Galibi amsa biyu za ku ji. Wani ya ce shi dama can ya iya zane, wani ya ce shi Allah bai ba shi baiwar ba. Dukansu biyu abu ɗaya suke faɗa mana: ba su ɗauki zane a matsayin abin da ake koya ba. Wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin yaron da ya yarda da ita ya rufe wa kansa ƙofa tun yana ɗan shekara 12.

Mu shiga ajin mu gani. Malam ya ɗora tulu a kan tebur, ya ce kowa ya zana. Ku bi layi ku duba takardun sababbin shiga. Kusan kowa zai zana bakin tulun a zagaye cif, ya kuma ja miƙaƙƙen layi a gindinsa. Alhali daga inda yaron yake zaune bakin ba a zagaye yake bayyana ba, a matse yake, faɗinsa ya fi tsayinsa nesa, gindin kuma a lanƙwashe yake. Yaron ba makaho ba ne, hannunsa ma lafiya lau. Abin da ya faru shi ne ya zana abin da ya sani game da tulu, bai zana abin da ke gabansa ba. Ya san bakin tulu zagaye ne, ya san tebur shimfiɗe yake, sai saninsa ya rinjayi idonsa. Wani masani Bafaranshe, Georges-Henri Luquet, ya yi bayanin wannan ɗabi'a ta yara a littafin da ya fitar kan zanen yara a 1927, kuma duk malamin da ya taɓa tsayawa a gaban aji ya gan ta da idonsa.

Ci gaban farko, saboda haka, a ido yake faruwa kafin ya sauko hannu. Ranar da yaro ya miƙa hannunsa riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya sa babban yatsa ya auna tsayin tulun, sannan ya juya fensirin ya gwada da faɗinsa, ranar ya hau mataki. Ranar da ya lura cewa hasken daga taga yake shigowa, ɓarin da ke kallon tagar ya fi fari, ɗaya ɓarin kuma yana duhu a hankali ba a lokaci ɗaya ba, ya ƙara hawa wani. Akwai matakin da ya fi waɗannan ɓuya. A can gefen da ya fi duhu, dab da ƙarshen cikin tulun, akwai ɗan hasken da tebur ya mayar masa. Ɗalibin da ya hango wannan ɗan hasken, ya bar masa wuri bai cike shi da baƙi ba, zanensa zai taso daga takarda kamar a sa hannu a ɗauka. Idan buta aka ajiye, wanda ya fara gogewa ba zai tsaya kan mariƙin kawai ba, zai dubi siffar filin da ke tsakanin mariƙin da jikin butar, ya zana filin, sai mariƙin ya zauna daidai da kansa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake haihuwar mutum da shi. Duk koyonsu ake yi, kuma kowanne ana iya nuna shi da yatsa a ce ga shi nan, bara babu, bana akwai.

Matsalar ita ce ɗalibi ba ya jin wannan ci gaba a jikinsa. Sau da yawa ma akasinsa yake ji. Viktor Lowenfeld, wanda littafinsa kan bunƙasar tunani da ƙirƙirar yara ya fito a Amurka a 1947, ya nuna cewa daga wajen shekara 9 zuwa sama yaro yakan fara duban aikinsa da idon mai suka. Ƙaramin yaro yana zana gidansu da akuyarsu ya kawo wa mahaifiyarsa yana murna. Idan ya ƙara girma, idonsa ya riga hannunsa wayewa, sai ya fara ganin karkatar da da ba ya gani. Nan ne yake dunƙule takarda ya jefar, nan ne yake kife hannu a kan aikinsa idan malam ya matso. A daidai lokacin da yake samun ci gaba mafi muhimmanci, wato ya fara gane kuskure, a lokacin yake yanke wa kansa hukuncin cewa bai iya ba. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan a wannan shekarun muka ajiye fensir, ba mu sake ɗauka ba.

Lallashi ba ya maganin wannan. Ka ce wa yaro ɗan shekara 13 zanensa ya yi kyau alhali yana ganin bai yi ba, sai ya daina yarda da maganarka. Abin da ke maganinsa shaida ce. Ka ɗauko tulun da ya zana a makon farko na zango, ka ajiye kusa da wanda ya zana a makon ƙarshe, ka yi shiru ka bar shi ya duba. Gani ya kori ji.

Sai dai a yawancin makarantunmu wannan tsohon zanen babu shi. A bayan littafin lissafi aka yi shi, ko a fallen takardar da malam ya karɓa ya sa wa maki, aka tara a ofis har gara ta cinye. Wani lokaci ma ba a yi zanen ba sam. An rubuta ma'anar launi da rabe-rabensa a allo, yara sun kwafa sun haddace, sun ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa haɗa shuɗi da rawaya da hannunsa ya ga kore ya fito. Na san uzurin, kuma gaskiya ne: aji ya cika maƙil, babu kayan aiki, wani lokaci malamin wani fanni aka ɗora wa darasin. Amma ajiye aikin ɗalibi ba ya cikin abubuwan da rashin kuɗi ya hana mu.

Mu da muka taso a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga karatu mai matakai. A makarantar allo yaro ya san yana babbaƙu, ya san idan ya wuce zai shiga farfaru, ya san surar da yake kai da wadda ya baro, ya san akwai ranar sauka a gaba, ranar da za a ƙawata masa allo da zayyana. Ko an wanke allon, matakin yana nan da sunansa, shi ya san shi, iyayensa sun san shi. Ajin zane ya rasa wannan. Ya kamata malami ya sanya wa matakansa suna a gaban yara: awon tsayi da faɗi, bin gefen abu da ido, haske da inuwa, nesa da kusa, haɗa launi, tsara abubuwa a cikin takarda. Yaron da ya san sunayen matakan zai iya cewa awo ya zauna masa amma inuwa tana ba shi wahala. Wannan maganar mai neman ilimi ce, tana da nisa da ta wanda ya ce ba shi da baiwa.

Daga nan sai rubutu. Ina roƙon malamai su sa kowane ɗalibi ya rubuta kwanan wata a kan duk abin da ya zana, ya kuma juya bayan takardar ya rubuta layi uku ko huɗu game da aikin. A nan akwai tarko. Idan ba a yi hattara ba, abin da za a samu shi ne yabon malam: darasi ya yi daɗi, mun ƙaru sosai, Allah ya saka da alheri. Addu'a abu ne mai kyau, amma ba ita ake nema a bayan takardar ba. Ana neman irin wanda zai ce wuyan tulun ya yi tsawo saboda daga sama ya fara bai auna ba, ko wadda za ta ce ta danna fensir da ƙarfi tun farko, shi ya sa da ta goge sai da tabo ya rage. Tambayoyin da ke jawo irin wannan amsa gajeru ne: ina ne ya ba ka wahala, me ka gwada, me za ka sauya in ka sake. A kuma bar yaro ya rubuta da Hausa in da ita tunaninsa yake gudana. Idan aka tilasta masa Turancin da bai mallaka ba, jimlar da ya haddace zai rubuta, ba abin da ya gani ba.

Kada wani ya ɗauka wannan wasan yara ne. A nan Arewa muna da misalin abin da ke faruwa idan ɗaliban zane suka zauna suka yi wa karatunsu duban tsanaki. A 1958, a kwalejin fasaha da kimiyya da ke Zariya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu yawanci Turawan Ingila ne, suna koya musu zane bisa tsarin makarantun can. Ɗaliban ba su ƙi koyo ba, sun koyi awo da inuwa da launi yadda ya kamata. Abin da suka ƙara shi ne tambayar kansu ina wannan ilimi yake kai su, kuma ina fasahar gidajensu ta shiga. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, yana rubuta abin da ke gudana a littafin ajiyar tunaninsa a shekarun nan, ya kuma koma ya nazarci zanen uli na matan Ibo ya shigar da shi cikin aikinsa. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma waɗannan ɗalibai su ne suka zama ginshiƙan fasahar zamani ta Nijeriya.

Tambayar da suka yi wa kansu tana jiran yaranmu ma. Ɗalibin da ci gabansa duka shi ne ya ƙware wajen kwafar hoto daga waya bai yi nisa ba, ko da kwafin ya fito tsaf. Ga dagi a jikin bango, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga zanen ƙwarya, ga saƙar faifai, ga bakan gizo a Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, a hannun danginta ta koyi ginin tukwane irin na Gwari kafin a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, Suleja ta yanzu. Ta koyi sababbin dabaru a can ba ta yar da zanen da ta zo da shi daga gida ba. Komawa ga zanen gida irin su dagi da aska takwas kuma yana sauƙaƙa wata damuwa da iyaye da yawa ke da ita game da zanen masu rai. Hukuncin wannan na malaman addini ne, ba nawa ba. Abin da zan iya tabbatar wa iyaye shi ne duk matakan da na ambata ana iya hawansu da tulu da bishiya da soro da zayyana.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin makarantu ne, domin wannan ya fi ƙarfin malamin aji shi kaɗai. Ku ba kowane ɗalibi kwali ɗaya a ninke biyu da sunansa a kai, ku ware akwati ko kabad da ruwa da gara ba za su taɓa ba, ku hana a zubar da aikin yara a ƙarshen zango. Ku sa a zana abu ɗaya tak a makon farko na aji ɗaya, a sake zana shi a ƙarshen kowace shekara har aji uku. Ku ware darasi guda a ƙarshen zango wanda ba a koyar da sabon abu a cikinsa, sai dai kowa ya baje takardunsa bisa jerin kwanan wata, ya duba, ya rubuta abin da ya gani. Ranar da iyaye suka zo karɓar sakamako, a miƙa musu kwalin tare da katin, a bar yaron ya yi musu bayani da bakinsa. Malaman da ke son farawa a zango mai zuwa, mu haɗu bayan an tashi mu tsara matakan tare.