"Lafiya Lau" Ba Ta Isa Labari Ba: Faɗakarwa Ga Iyayen Ɗalibai

Jama'a masu sauraro, iyayena maza da iyayena mata na Sabuwa da Damari da Maibakko da Dugun Mu'azu, da 'yan'uwanmu na ƙasar Faskari da ta Ƙanƙara, da duk wanda muryar nan ta riska, ko yana zaure ko yana gona ko yana bisa hanya, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na lafiya da faɗakarwa.

Mas'alar da muka ɗauko yau ta shafi kowane gida da ya sallami yaro ko yarinya zuwa makarantar gaba da sakandare, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ake kai mata ta Dandume da Funtuwa, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsinma, ko makarantar ungozoma ta Malumfashi. Bayan an sayar da buhun masara an biya kuɗin rajista, an ɗaure wa yaro guzuri, an raka shi tasha an sa masa albarka, shin amanar da ke wuyan iyaye ta sauka ke nan, ko kuwa a ranar ne ta soma?

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin da 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, take cibiyar malamai, magabata suna sallamar 'ya'yansu zuwa Katsina da Zazzau da Gabas. Amma fa ba su taɓa sakin yaro haka kawai ba, sai sun danƙa shi hannun malami ko mai masauki wanda suka san asalinsa, suna kuma aika gaisuwa da ɗan abin hasafi ta hannun fatake, su ji labarinsa daga bakin wanda ya gan shi da ido. Haka da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, ɗalibai irin su Ahmadu Bello sukan taho daga Sakkwato tafiyar kwana da kwanaki, wasiƙa kuwa takan daɗe a hanya. Sai dai in ta iso, ta iso cike da bayani. Mu kuwa da Allah ya hore wa waya a kowane aljihu, ga yadda hirarmu takan kasance:

"Salamu alaikum, Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Ba dai wata matsala ko?"

"Babu, Baba."

"To madalla, Allah ya yi maka albarka. Bari in kashe, katina zai ƙare."

Wanda ya saurari wannan zance zai ce an sada zumunci, alhali kuwa ba abin da aka sadar sai murya. Ban ce ɗayansu ya yi nufin ƙarya ba. Tausayi ne ya rufe bakin kowa. Yaron Sabuwa ya san halin da ya baro gida, ya san akwai gonar da aka daina zuwa saboda 'yan bindiga, ya san shanun huɗa sun tafi, ya san mahaifinsa ya fitar da hatsi kasuwa tun bai yi daraja ba don kada a rufe masa rajista, saboda haka ko ya kwana biyu yana gasa da yunwa, kunya ba za ta bar shi ya ce a ƙaro ba. Mahaifin kuma, da yake ba ya son ya raba hankalin yaro da littafi, sai ya ɓoye masa cewa jiya ba a yi barci a gari ba. Ga mutum biyu ke nan, kowa yana ɗauke da kaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa kansa babu komai.

Illar wannan ɓoyo ita ce labari ba ya jiran izinin iyaye. Yaro zai gani a Facebook ko WhatsApp cewa an shiga ƙauyensu, ya buga waya ya ji ta a kashe, ya kwana ido biyu, gobe kuma ga jarrabawa. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yadda 'yan ƙasar nan da ke karatu a wasu garuruwa suka kasa zama aji sai da aka sako yaran bayan kwana shida. Ba mu kuma manta watan Satumba 2021 ba, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka shafe watanni uwa ba ta jin muryar ɗanta sai in wani ya yi tattaki zuwa inda sabis yake. Darasin da ya kamata mu riƙe daga nan guda biyu ne: in wani abu ya auku a gari, ku riga kowa kiran yaro, ku faɗa masa gaskiya gwargwadon abin da zai iya ɗauka, sa'an nan ku ajiye wani ɗan'uwa a Funtuwa ko Zariya wanda ku da yaro kuka san lambarsa, domin in layi ya yanke ya zama shi ne gada.

Akwai kuma wani shamaki da ya girmi waya, watau alkunya. A al'adarmu uba da uwa ba su sakewa da ɗan fari, wasu ko sunansa ba su kamawa, kuma sau da yawa shi ɗin ne farkon wanda gida ya tura jami'a. Ni ban zo in rushe kunya ba, ado ce, kuma addini ya yabe ta. Amma dattawan da suka gadar mana da ita sun gadar mana da maganinta: sun bar wa yaro kawu da gwaggo da yaya, sun bar masa kaka wadda yake wasa da ita, wadda zai faɗa wa abin da ba zai iya ɗaga ido ya faɗa wa mahaifinsa ba. To, a zauna a gida a wakilta mutum guda cikin waɗannan, a ce kai ne mai jin cikin wane, a sa rana tabbatacciya, alal misali kowace Juma'a bayan la'asar, ya kira shi ya ba shi lokaci.

In an kira kuwa, a bar tambayar da amsarta ita ce "lafiya lau". A tambayi abin da dole sai an ba da labari. Me ka ci yau tun safe? Ku nawa ne a ɗaki, kuma ɗan ina ne abokin ɗakinka? Ina kuke ɗebo ruwa? Wane darasi ne ya fi ba ka wuya a zangon nan? Kada uba ya ce ai shi bai yi boko ba, me ya sani. Manomin da yake duban ganyen dawa ya gane abin da ke damun saiwa ba zai kasa gane muryar da ta sauya ba.

Batun nafaƙa, abin da na lura shi ne kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba, domin wanda ya san ran kaza ga wata naira kaza za ta shigo yana iya tsara cikinsa, wanda bai sani ba kuwa bashi zai ci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, ɗalibai da yawa suna bin tsarin da suke kira sifili-ɗaya-sifili, ma'ana ba karin kumallo, ba abincin dare, sai na rana kaɗai. Mu kuwa ko kuɗi sun yi ƙaranci, rumbu bai rasa abin aikawa ba: tsaki da wake, garin kunu, ƙuli-ƙuli da yaji, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ba amintaccen direba ya kai. Ku kuma tambayi yaro ko ya nemi rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda hukumar NELFUND ta soma bayarwa a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati: ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba wanda ya nema naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu ruwa a kansa, biya kuma ba ya somawa sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka a yi shawara kafin a sa hannu.

Yanzu ga ɓangaren lafiya, wanda shi ne asalin shirin namu. Kusan kowane ɗalibi in ya zo hutu za ka ji yana cewa yana da olsa, watau gyambon ciki, kowa kuma ya ɗora laifin a kan yunwa. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yara ke saye a kemis suna haɗiya a kan cikin da babu komai. Yunwa tana tsananta raɗaɗin ne. Ana gwada ƙwayar cutar a asibiti, ana kuma maganinta ta warke. Zazzaɓi kuma a yi gwajin jini kafin a sha magani, gidan sauro ya kasance cikin kayan da ake ɗaure wa yaro tun ranar farko. In bazara ta kama, ɗaki ya cika da mutane ba iska, yaro ya ce yana zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, wannan ba abin jira gari ya waye ba ne, alamar sanƙarau ce, asibiti nan take. Galibin makarantun nan suna da asibitinsu, kuɗinsa kuma yana cikin abin da kuka riga kuka biya wajen rajista. Ku tambayi yaro ko ya buɗe kati, musamman mai sikila ko mai asma.

Ciwon da ya fi ɓuya a waya shi ne na damuwa. Idan yaron da kuka sani mai fara'a ya daina ɗaukar kira, ko ya riƙa amsawa da kalma ɗai-ɗai, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abinci ya fita ransa, ya daina zuwa aji, hakan kuma ya wuce mako biyu, to kada a ce sangarta ce, kada kuma a yanke hukuncin cewa sammu ne a tsaya nan. A yi addu'a, lalle, a kuma kai shi ga likita, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Akwai masana wannan ciwo a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin Barnawa a Kaduna. In har ya furta cewa ya gaji da duniya, wani ya tashi ya je gare shi a ranar. Daga irin wannan ƙunci ne wasu ke faɗawa shan tiramol da kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018 amma bai ɓace daga hannun yara ba. Buƙatar kuɗi da ta yi yawa ba dalili, da sauyin abokai, da jan harshe a waya, duk abin lura ne.

Mafarin ƙuncin nan sau da yawa faɗuwa jarrabawa ce. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a makarantar garinsu ya je ya tarar da ɗaruruwa irinsa, ya sami kari-oba, watau darasin da sai ya maimaita, ya tuna buhunan da aka sayar dominsa, sai ya ɓoye, ɓoyo ya haifi ɓoyo, har a kai shekarar da ake jiran ya gama alhali an daɗe da sallamarsa. Wanda ya san in ya faɗi gaskiya za a yi masa faɗa na kwana ɗaya sa'an nan a nema masa mafita, zai faɗa tun abin yana ƙarami. Wani jinkirin ma ba laifinsa ba ne: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Iyayena mata, 'ya mace tana da nata zancen da ba za ta yi da kowa ba sai ke ko ƙanwarki. Ki tambaye ta inda take kwana, cikin makaranta ko hayar waje, da wa take dawowa in karatu ya kai dare, kuma ki shaida mata tun yau cewa in wani malami ko wani babba ya matsa mata da maganar banza don maki, gida zai tsaya mata, ba cire ta za a yi a ce ita ta jawo ba. Tsoron a ce ta dawo gida shi ne ke rufe bakin 'yan mata da yawa.

Tafiya hutu kuwa, a taso da sassafe, a shiga mota a tasha, a faɗi lokacin tashi da na isowa Funtuwa, kada a yi shela a intanet.

Saura abu guda, shi ne mu farfaɗo da sunnar magabata ta mai masauki. Da wuya a rasa ɗan Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara da ke zaune a Samaru ko Dutsinma ko birnin Katsina, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko malami, kuma ɗaliban yankinmu suna da ƙungiyoyinsu a makarantu. A kai masa yaro hannu da hannu, a karɓi lambarsa da ta abokin ɗakin yaro. Ranar da wani baƙo ya bugo muku cewa ɗanku yana kwance asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu ta mai POS, kamar yadda 'yan damfara suka saba, shi za ku fara kira ya je ya gani da idonsa kafin ko kwabo ya fita.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan sanƙarau da rigakafinsa kafin zafi ya kankama. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke, ya dawo da aminci ƙasarmu.