Gorila: Ire-irensa, Haihuwarsa da Darasinsa ga Manoman Funtuwa da Malumfashi



Gabatarwa

Birin da muka saba da shi a nan shi ne jan biri mai ɓarnar masara. Babban gwaggon birin da masana ke kira gorila ba ya zama a dazukanmu, amma akwai shi a Najeriya, kuma halin da yake ciki ya shafi duk mai gatari a hannu.

Rabe-rabensa

Masana sun kasa gorila gida biyu, na yammaci da na gabashin kurmin Kwango, kowanne da rassa biyu. Na gabas su ne na kan duwatsun Ruwanda, Yuganda da Kwango, sai na gangaren gabashin Kwango. Na yamma kuwa akwai na kurmin Gabon da Kamaru, sai namu na Kuros Riba, wanda Bajamushe Paul Matschie ya fara bayyana shi a 1904. Yau abin da ya rage na wannan reshe bai wuce 300 ba, tsakaninmu da Kamaru. Namu suna Dutsen Afi, Duwatsun Mbe da dajin Okwangwo.

Haihuwa da reno

Nan ne gizo ke saƙa. Macen gorila ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara 10. Goyon cikinta wata takwas da rabi ne, kuma ɗa guda take haifa, mai nauyin kilo biyu ko ƙasa da haka. Da farko tana rungume shi a ƙirji da hannu ɗaya tana tafiya, daga baya ya koma gadon bayanta ya damƙe gashinta. Yakan yi shekara uku yana shan nono, yana kwana a shimfiɗar ganyen da uwar ke yi kowane maraice. Shi ya sa tazarar haihuwarta ke kai shekara huɗu ko fiye. Akuyar gidanmu cikin wata biyar take yi, ta zubo tagwaye, kafin shekara biyu 'ya'yan ma sun haihu. Garken awaki na farfaɗowa bayan annoba. Na gorila idan maharbi ya kashe uwa ɗaya, an yi asarar shekaru masu yawa.

Darasi gare mu

Ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suke tsaron Duwatsun Mbe. A 2020 aka fitar da hotunan na'urar ɗaukar hoto da aka kafa a wurin, ga iyaye mata da jariransu. Kenan inda jama'a suka riƙe daji amana, dabba takan hayayyafa.

Kammalawa

Mu ma muna da dajin Kogo a Faskari, da Kamuku a maƙwabtanmu Birnin Gwari. Ina roƙon sarakuna da ƙungiyoyin manoma su tsawatar kan ƙonar daji da sare bishiyoyi don gawayi, malamai kuma su koya wa yara cewa halittar da ta ƙare ba ta dawowa. Allah Ya ba mu ikon kiyaye amanarSa.