Idan Mota Ta Ƙi Tashi, A Duba Makulli Kafin A Yanke Waya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu, shugabannin ƙungiya da sauran 'yan'uwa mazauna Lau, barkanmu da haɗuwa. An ce mu yi 'yar magana a kan mota. To mu dai ba makanikai ba ne, 'yan kasuwa ne, amma wanda ya shekara talatin yana lodin shinkafa da busasshen kifi zuwa Jalingo, dole ya san halin abin da yake hawa.

Da Fijo 504 muka tashi, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ita idan ta ƙi tashi, laifin bai wuce batir, ko fulogi, ko kafireta ba. A kira yara su tura, shi ke nan. Makulli ya ɓace, a je kasuwa a yanko wani. Motocin Beljiyam da muke saye yanzu ba haka suke ba. Sai ka ga batir lafiya, mai cike da tanki, kik yana juyawa, amma inji ya ce sam. Golf 4 ma tashi take yi, ta yi daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta mutu. A nan ne makaniki zai ce maka sikiyoriti ya kama ta.

Ga yadda abin yake. A cikin baƙar robar kan makulli akwai wani ɗan abu, wani bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana ɗauke da lamba ta sirri. Ba shi da batir. Akwai zoben waya da ya kewaye ramin makulli, shi ke ba shi wuta idan ka murɗa, ya karanto lambar, ya kai wa ƙwaƙwalwar mota. In lamba ta dace, ta saki mai da wuta. In ba ta dace ba, ta riƙe. Kamar maigadi ne da ke tambayar mai shigowa sunansa. Don haka makullin da aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai ma juya sitiyari, amma ba zai ta da inji ba. Turi kuwa, ko matasan unguwa duka za a tara, wahala ce kawai.

Turawa ba don mugunta suka sa shi ba. Sata ce ta ishe su. Daga 1998 doka ta wajabta shi a kan sababbin motoci a Jamus da Ingila da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, Ostireliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Wasu masana biyu, van Ours da Vollaard, sun bincika, suka buga a 2016 cewa ya rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, sai Kia da Hyundai suka yi ta sayar da wasu motoci ba shi. A 2021 yara a birnin Milwoki suka gano haka, suna ta da su da igiyar cajin waya, suna ɗorawa a TikTok. Kun ga dai maigadin nan yana aikinsa.

To, in ya kama taka fa? Fara duban fitilar dashbod. A Honda ɗan koren makulli ne yake ƙiftawa, a Golf hoton mota ne da makulli. Kashe, zare makullin, dakata kaɗan, sake gwadawa. Raba shi da tarin makullan shago da na gida, musamman in akwai na wata motar a haɗe, don suna rikita juna. Gwada safaya. A duba batir da kan tashoshinsa, da fis. Masu motar dannawa, in batirin rimot ya mutu, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin a danna, galibi za ta tashi.

Mu kuma nan bakin Binuwai muna da tamu matsalar, ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san inda ruwa ke kaiwa. Motar da ruwa ya shiga cikinta, kada a yi gaggawar murɗa ta, a cire batir, a bari ta bushe a duba. Sannan masu ƙetarawa Karim Lamiɗo cin kasuwa, makulli ɗaya tak a aljihun riga, kana sunkuyawa a kwalekwale ya faɗa kogi. Wallahi ranar nan ba makulli ka yar ba, mota ka yar. In akwai safaya mai aiki, yin wani da sauƙi. In duka sun ɓace, sai an nemo mai kwamfuta daga Jalingo ko Yola, wata tsohuwar Toyota ma sai an kwance ƙwaƙwalwar an sake mata rubutu, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wata. Kuɗin kasuwa na narkewa, mota na kwance. Ba mu ma yi zancen mai naƙuda da ake son kaiwa asibiti da tsakar dare ba.

Inda muke roƙon a saurare mu da kyau shi ne nan. Wani mai wayarin zai ce maka, Alhaji, bari mu cire wannan fitina gaba ɗaya. Wani yanke waya zai yi ta yi yana gwaji har ya ƙona ƙwaƙwalwa. Wani kuma ya ɓalle 'yar ƙwayar daga makulli ya liƙa ta da salatif a jikin zoben nan. Mota za ta tashi kam, amma daga ranar duk ƙarfen da ya juya ramin zai tafi da ita. Ka sallami maigadi don ya tambaye ka suna.

Haka wajen saye. A nemi makulli biyu, a ga kowanne ya ta da inji a gaban ido, ba buɗe ƙofa kaɗai ba. A duba takardar kwastan, a gwada lambar da ke jikin mota da ta takarda. Motar da aka kawo da araha, an cire mata sikiyoriti, makulli ɗaya tsirara ba roba, a tambayi dalili, in amsa ba ta gamsar ba a bar ta. Doka ba ta ƙyale wanda ya karɓi kayan sata. Kuma mu a nan zaman amana muke yi da Mumuye da Jenjo da Yandang da Fulani. Idan 'yan sanda suka ja mota daga ƙofar gidan ɗayanmu, ba sunansa za a kira a kasuwa ba, cewa za a yi Hausawa.

Shawararmu ga shugabanni guda biyu ce. Duk mai mota da makulli ɗaya ya ba sakatare sunansa, a haɗa a kira mai kwamfuta rana ɗaya ya yi wa kowa, kuɗin zuwansa ya rabu a kanmu. Sannan ƙungiya ta zaɓi yara biyu masu amana da suka gama sakandare, a tura su Kano ko Kaduna su koyo aikin nan, a saya musu na'urar daga asusu, su riƙa biya a hankali. Mun bar wa Shugaba maganar ya sa a ajandar zama mai zuwa.